Zafin kejin kadangare mai gemu: digiri nawa, kuma a ina ake aunawa?

Sabon Makiyayi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a kiwon kadangare mai gemu, ɗan Ostireliyan nan da masana ke kira Pogona vitticeps. Nawa bai cika shekara ba tukuna. Kejinsa na katako ne, gabansa gilashi, tsawo santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. Na rataya masa ƙwan fitila irin na halojin mai wat 75 a gefen dama, da falalen dutse a ƙarƙashi. Ma'aunin zafin da ke manne a bango, irin mai allurar nan, yana nuna digiri 31 da rana tsaka. Abin da ya ɗaure min kai, kowa da lambar da yake faɗa: wani ya ce 35, wani 40, wani har 105. Ga shi kuma yana yawan hangame baki in yana kan dutsen. Zafin ne ya yi masa yawa, ko kuwa bai kai ba?

Uwar Kadangaru:
Wa'alaikumus salam ƙanena, barka da zuwa cikinmu. Bari in fara cire maka 105 ɗin nan daga rai. Lissafin Amurkawa ne, ma'aunin Farenhait. Ka cire 32, ka ninka da 5, ka raba 9, sai ya dawo 40 da ɗoriya a Salshiyas. Ka ga mai cewa 40 da mai cewa 105 bakinsu ɗaya.

Yanzu ni ce da tambaya: 31 ɗin nan na ina ne? Ma'auninka yana jikin bango, kadangarenka kuwa a kan dutse yake shan hantsi. Keji ba zafi guda gare shi ba. Akwai zafin fuskar dutsen da yake kwantar da cikinsa a kai, akwai na iskar da ke gefen fitila, akwai na ɗaya gefen mai inuwa, kowanne da aikinsa. A fuskar dutse ana neman 38 zuwa 42. A gefen inuwa, 24 zuwa 28. Mai cewa 35 shi ma bai yi ƙarya ba, zafin jikin dabbar yake nufi, wanda take kai-komo tsakanin fitila da inuwa don ta riƙe shi. Aikinka ka tanadar mata gefen zafi da gefen sanyi. Ita za ta zaɓi inda za ta zauna, kuma ta fi ka sanin lokacin tashi.

Dattijon Keji:
Yaro, kada hangame baki ya tayar maka da hankali. Kadangare ba ya gumi. In jikinsa ya kai inda yake so amma bai gama marmarin fitilar ba, sai ya buɗe baki danshi ya fita, zafin ya ragu. In a kan dutse yake yi, yana ɗage da kai, idanunsa tar, jim kaɗan ya sauka ya yi yawonsa, lafiya lau ce. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya gudu can ƙarshen inuwa, ya laɓe a kusurwa, kuma bakin nan na hangame. Wannan keji duka ya ɗau wuta, babu wurin gudu. Haka kuma in kana jin ƙara a numfashinsa ko kana ganin yauƙi a bakin, ba maganar fitila ba ce kuma, ta likita ce.

Ni fa a ganina mutanen yanzu sun cika dogaro da lamba. Dabbar nan tana magana. In ta yini manne da fitila, ta yi baƙi-baƙi, ta baje jiki ba ta motsi, sanyi take ji. In ba ta hawa dutsen sam, ya yi mata zafi. Ka zauna ka kalle ta, za ka koyi abin da na'ura ba za ta faɗa maka ba.

Mai Gyaran Wuta:
Baba, Allah Ya ƙara girma, kallo kam babu kamarsa, amma ido sai ya ga dabbobi da yawa kafin ya iya karanta su. Wanda yau ya fara, da me zai gwada? Shi ya sa nake cewa ya auna.

Malam mai tambaya, ma'auni mai allurar nan ka daina dogara da shi. Yakan yi kuskuren digiri da dama, sannan abin da yake ji zafin bangon da aka manna shi ne. Kayan aiki biyu kake buƙata. Na farko bindigar auna zafi, wadda ake saitawa a kan abu a danna, ita ke gaya maka zafin fuskar dutse. Na biyu ma'aunin dijital mai doguwar waya, guda biyu in da hali, kan wayar ɗaya a gefen fitila ɗaya a gefen inuwa, daidai tsayin da dabbar take zama. Wannan shi ke faɗin zafin iska. Bindigar ba ta auna iska, kuma in ka harba ta bayan gilashi zafin gilashin za ta ba ka, don haka buɗe ƙofar ka kusanta da dutsen. Kada ka auna da an kunna fitila. Dutse a hankali yake shan zafi, sai fitila ta yi awa biyu ko uku a kunne lambar take tsayawa. Ka bi fuskar dutsen wuri-wuri, za ka sha mamakin bambancin tsakiya da gefe.

Batun wat 75 kuwa, wat ba digiri ba ne. Ƙwai ɗaya zai ba ka 36 a wannan keji, ya ba ka 48 a wancan, ya danganta da nisan dutse da fitila, da zafin ɗakin, da yadda iska ke shiga. Ka kuma duba irin ƙwan. Akwai mai tattara haske a ɗan ƙaramin wuri, akwai mai baza shi. Mai bazawa ake so, wanda haskensa zai rufe dabbar daga kai zuwa gindin wutsiya. Mai tattarawa sai ya gasa tsakiyar baya alhali ƙafafu na sanyi, dabbar ta yi ta zama tana jiran sauran jikin ya ɗumama.

Sabon Makiyayi:
Madalla, Allah Ya saka da alheri. Injiniya, na aro bindigar na auna kamar yadda ka ce. Tsakiyar dutse 44, gefensa 37. Ƙasan kejin ta gefen inuwa 27. In sauya ƙwan ne?

Mai Gyaran Wuta:
Ba sai ka sauya ba tukuna. Ɗaga fitilar sama kaɗan, ko ka rage tudun da dutsen yake kai, ka sake aunawa. Ɗagawar za ta rage zafin tsakiya ta kuma faɗaɗa hasken. Maganin dindindin kuwa shi ne tamostat, na'urar da ake jona fitila a jikinta tana daidaita wutar da ke shiga. Iri-iri ce. Akwai mai kashewa da kunnawa, wannan ba ta dace da ƙwai mai haske ba, don fitilar za ta yini tana ƙiftawa, ta dami dabbar, ƙwan kuma ya mutu da wuri. Mai rage wuta a hankali ita ce ta halojin. Ka ɗaure kan wayarta da kyau a inda dabbar ba za ta kwanta a kai ko ta ture shi ba, domin in ya faɗa wuri mai sanyi na'urar za ta ɗauka keji ya huce, ta sakar wa fitila wuta duka. Saboda haka ne nake cewa a zaɓi ƙwan da ko an sakar masa wuta gaba ɗaya ba zai wuce kima da yawa ba. Abin da ake ɗaura ƙwan a ciki kuma ya zama na tangaran, na roba narkewa yake yi.

Dattijon Keji:
Ka ji ko, 44 a tsakiya amma yana hawa yana sauka abinsa. Shi ya riga ya san gefen dutse ya fi sauƙi. Ban hana a gyara ba, a gyara. Ina dai so yaron nan ya lura da inda dabbar take zaɓa ta kwanta a kan dutsen, ya harba bindigar a nan. Wannan lambar ita ce tata.

Mai Gyaran Wuta:
Wannan kam na yarda, Baba.

Ɗalibar Kimiyya:
In ƙara kaɗan a kan dalilin da ya sa ake ta wannan wahala, don wani zai ga kamar tsanani ne. Jikin kadangare ba ya samar da ɗuminsa kamar namu. Duk abin da ke aiki a cikinsa, narkar da abinci, garkuwar jiki, ƙarfin tsoka, da zafin waje yake tafiya. Ya ci gyare ya cika ciki, bai samu wurin da zai ɗumama ba, abincin nan zai zauna a hanji yana ruɓewa maimakon narkewa. Da yawa daga abin da mutane ke kira toshewar ciki, in aka bi diddigi akwai hannun sanyi da ƙarancin ruwa a ciki. Shi ya sa ake cewa a bar shi ya sha hantsi awa ɗaya ko biyu kafin a ba shi abinci, kuma kada a ciyar da shi ana dab da kashe fitila, a bar masa aƙalla awa biyu.

Maganar baƙi-baƙin da Baba ya yi, an ma bincika ta. Masu bincike a Jami'ar Melbourne sun wallafa a 2016 cewa fatar bayan wannan dabba tana duhu in ana sanyi don ta sha zafi da sauri, tana haske in ta ɗumama. Gemun kuwa da ƙirji, launinsu ya fi bin mu'amala da 'yan'uwa, faɗa ko neman mace. To in da safe ka gan shi ya yi duhu, zuwa hantsi ya washe, jikinsa na aiki yadda ya kamata. In har azahar yana nan da duhunsa a ƙarƙashin fitila, nan ne za ka ɗauko bindiga.

Abin da ya fi burge ni, a tsakiyar kansa akwai wani ɗan tabo, in ka duba da kyau za ka gan shi kamar ɓawon da ya fita daban. Ido ne na uku. Ba ya ganin sura, amma yana jin haske da inuwa daga sama. Halittar nan gaba ɗaya a shirye take ta nemi zafi daga inda haske yake, wato daga sama.

Baƙon Zaure:
Ku yi haƙuri zan shigo da tawa. Ni da dare jar fitila nake kunna wa nawa, kuma akwai dutsen lantarki a ciki, irin wanda ake jonawa ya yi ɗumi. Ya daɗe a haka, yana ci yana sha, ban ga komai ba. Ya za a ce a bar dabbar hamada cikin sanyin dare? Ni tausayi ba zai bar ni ba.

Uwar Kadangaru:
Ɗan'uwa, tausayin naka na fahimce shi, amma hamadar ce ma ta fi kowa sanyin dare. A tsakiyar Ostireliya inda suka fito, garin Alice Springs kan kai digiri 36 da rana a watan Janairu, a watan Yuli kuwa darensa kan sauka ƙasa da 5. Ban ce a bar namu a irin wannan sanyi ba, na daji suna cikin rami a lokacin. Ina nufin saukar zafi da dare ba cuta ba ce gare su, hutu ne. Muddin ɗakin bai sauka ƙasa da 18 ba, a kashe komai a bar shi cikin duhu. Ka taɓa shi da asuba ka ji jikinsa da sanyi, haka ya kamata ya kasance.

In ɗakin yana sauka ƙasa da haka, akwai ƙwan tangaran mai ba da zafi babu haske, a rataya shi daga sama a jona da tamostat. Jar fitila kuwa, zancen wai ba sa ganin ja ba gaskiya ba ne. Suna ganin launi sarai, har suna ganin wani hasken da mu ba ma gani. Dare mai haske yana ɓata musu barci.

Mai Jinyar Dabbobi:
Malam Baƙo, don Allah ina roƙonka ka cire dutsen nan yau. Jar fitila za mu iya jayayya a kanta, dutsen lantarki kam a'a. Abin da ake kawo mana ke nan. Za ka juya dabbar ka ga ɓawon cikinta da ya kamata ya zama fari ya koma ruwan toka, wani wuri ya yi baƙi, ya ƙeƙashe. Sau da yawa ranar da ta ƙone ba a ganin komai, sai bayan kwanaki fatar ta fara ɗagowa, ruwa na tsatsafowa, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa. Mai ita yana rantsuwa bai ga ta nuna alamar ciwo ba, kuma gaskiya yake faɗa. Kadangare ba ya saurin janye jiki daga zafin da ke ƙarƙashinsa kamar yadda kai za ka fizge hannu. In iskar kejin da sanyi, zai ci gaba da kwanciya a kai yana neman ɗumi, ciki na cin wuta. Duwatsun nan kuma ba sa rarraba zafi daidai, wani ɗigo a jikinsu yakan zarce sauran nesa ba kusa ba, musamman in sun tsufa. Ciwon ƙuna a jikinsu yana daɗewa, sai an bi saɓa bayan saɓa kafin wurin ya rufe, wani tabon har abada.

Baƙon Zaure:
Hajiya, na ji, kuma ba na musu da abin da idonki ya gani. Amma nawa fa bai taɓa ƙonewa ba. Ba kowane dutse ne marar kyau ba ai.

Mai Jinyar Dabbobi:
Allah Ya ci gaba da kiyaye shi. Ka yi min abu ɗaya kawai: ka bar dutsen ya yi awa uku a jone, ka bi fuskarsa da bindiga taku-taku. Sannan ka tambayi kanka wane amfani yake yi wanda falalen dutse a ƙarƙashin fitila ba ya yi. Falalen yana shan zafi da rana, yana riƙe ɗumi bayan an kashe fitila, yana hucewa a hankali, kuma babu wayar da za ta lalace a cikinsa. In dutsen ya yi maka kyau a ido, yanke wayar ka bar shi ado.

Baƙon Zaure:
To, zan auna. Jar fitilar dai sai na ga yadda ɗakin yake da asuba tukuna.

Mazauniyar Zafi:
Salamu alaikum. Ni matsalata ta sha bamban da taku. Inda nake, a watannin zafi ɗakin da kansa yana kai 33 ko 34 da rana, babu fitila babu komai. Ta ina zan samo gefen inuwa mai 26? In na kunna fitila keji ya zama tanda, in na kashe dabbar ba ta da wurin shan hantsi, abinci ba ya narkewa. Abin ya zame min kadangaren bakin tulu.

Uwar Kadangaru:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Taki ta fi ta kowa wuya, domin ƙara zafi abu ne mai sauƙi, rage shi ne aiki. Kuma haɗarin ya fi kusa. Sanyi kaɗan yana cutarwa a hankali, zafin da babu mafaka kuwa yana kisa a yini guda.

Ki fara da wurin da kejin yake. Ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga, kusa da ƙasa, don iska mai zafi sama take hawa. Rana kada ta taɓa faɗowa a kan gilashin ko na ɗan lokaci, akwatin gilashi a rana tarko ne. Sai iska: in rufin katako ne, a buɗe wani sashe a sa raga, a ƙara ƙofofin iska a ƙasa ta gefen inuwa, a sama ta gefen fitila, iskar ta riƙa ja da kanta. Fanka ta busa ta saman ragar, kada ta fuskanci dabbar. Ƙwan kuma ki sauko da shi sosai, a ɗaki mai 33 ƙaramin wat ya isa ya kai dutse 40.

Dattijon Keji:
Ki kuma dubi abin da na daji yake yi, ɗiyata. Hantsi yake sha da safe, rana na take tsaka ya shige rami ko ƙarƙashin wani abu, sai la'asar ya sake fitowa. Ki bi shi a haka. Fitilar zafi ta yi aiki da safe, ki ciyar da ita a lokacin, a kashe da rana ta yi tsaka, a sake kunnawa da yamma in ɗakin ya sauka. Soket mai agogo zai yi miki wannan ko ba kya gida. Fitilar haske ita a bar ta a kunne. A gefen inuwa ki yi mata maɓoya mai duhu a kan tayil ko dutse mai kauri, ƙasan irin wannan wuri yakan fi iskar sama sanyi. Ki zura kan wayar ma'auni a cikin maɓoyar, lambar can ita ce za ta gaya miki ko tana da wurin gudu.

Mai Gyaran Wuta:
Ranar da abin ya yi tsanani, gorar ruwa mai ƙanƙara a naɗe da tawul a ɗora a kan raga ta gefen inuwa, iska mai sanyi za ta riƙa gangarawa ciki. Amma agajin gaggawa ne wannan. Kada kuma a yi ta fesa ruwa don a sanyaya keji, danshin da suke so bai wuce kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ba, zafi da danshi in sun haɗu a rufaffen wuri huhu ne ke shan wahala. In duk an yi wannan maɓoyar ba ta sauka ƙasa da 32 ba, to ɗakin ne za a sanyaya, babu wata dabara a cikin keji da za ta yi.

Mazauniyar Zafi:
Na gode ƙwarai. Baba, wace fitilar haske kake nufi? Halojin ɗin ai yana ba da haske.

Ɗalibar Kimiyya:
Anti, ta UVB yake nufi, kuma gara da kika tambaya. Halojin zafi yake bayarwa da hasken gani, babu UVB a cikinsa. UVB ɗin shi ne sashen hasken rana da fata ke amfani da shi ta haɗa bitamin D3, wanda sai da shi jiki ke ɗaukar kalsiyam daga abinci. Kuma aikin hawa biyu ne: hasken ya fara, ɗumin fata ya ƙarasa. Don haka dole fitilun biyu su haɗu a gefe guda, dabbar tana shan zafi tana shan UVB a zama ɗaya. In aka raba su, ɗaya gabas ɗaya yamma, za ta zaɓi zafi ta bar ɗayan.

Doguwar fitilar nan siririya da ake kira T5, mai UVB kashi 10 ko 12 cikin ɗari, ita aka fi yarda da ita, ta rufe kamar rabin tsawon kejin. Gilashi yana tare UVB gaba ɗaya, raga tana cinye wani kaso, saboda haka nisan da za a bari ya danganta da ko a ciki take ko a saman raga, a bi abin da masu ƙera ta suka rubuta. Ana sauya ta kamar shekara-shekara ko da tana ci gaba da haske, don UVB ɗin yana raguwa ido bai gani.

Mai Jinyar Dabbobi:
Rashin UVB ɗin nan shi ke kawo ciwon laushin ƙashi. Yatsu su fara rawa in dabbar ta ɗaga ƙafa, muƙamuƙin ƙasa ya yi taushi har ya kasa kama gyare, ta koma jan ciki maimakon ta ɗaga jiki. Ƙanana masu girma da sauri su ya fi kamawa. In an zo da wuri ana tsayar da shi, amma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa.

Mai Kiwo Biyu:
Tambaya a gefe. In aka ɗauke wuta na tsawon lokaci fa? Sannan babbar tawa ta rage ci, tana yini a maɓoya, alhali zafin bai canza ba.

Uwar Kadangaru:
Ɗauke wuta na yini ɗaya a ɗaki mai matsakaicin ɗumi ba ya komai ga lafiyayye. Kada dai ka ciyar da shi sai wuta ta dawo ya ɗumama. In ɗakin na sanyi sosai, rufe kejin da bargo ka bar kafar iska, ka sa gorar ruwan ɗumi naɗe da tawul a kusa da shi, ba a ƙarƙashinsa ba.

Ta biyun kuwa, in ta wuce shekara kuma kwanaki sun fara gajarta, mai yiwuwa barcin hunturu ne. Suna yinsa ko a keji, wasu makonni wasu watanni. Amma kada ka yanke hukunci da ka. Ka auna dutsen tukuna, don ƙwan fitila yana rauni, ɗaki yana sanyi in yanayi ya juya, saitin da ya yi daidai watannin baya ba lalle ya yi yanzu ba. Sai ka riƙa ɗora ta a sikeli. Mai barcin hunturu nauyinta kusan a tsaye yake, marar lafiya kuwa zubewa take. A kai kashinta a duba tsutsar ciki. In komai lafiya, ka daina ba ta abinci amma ka bar fitila kamar mako ɗaya ko biyu har cikinta ya fita, sannan a fara rage zafi da tsawon haske. Ruwa kam kada ya yanke.

Mai Kiwo Biyu:
Allah Ya biya, Yaya. Ɗayan namiji ne, a keji daban yake, ina tunanin haɗa su in ta farka. Zafin ƙwan da za ta zuba shi ma haka ake wannan taka-tsantsan?

Ɗalibar Kimiyya:
Har ya fi. Ana kwantar da ƙwan a wajen 28 zuwa 30, su ƙyanƙyashe cikin wata biyu ko da 'yan kwanaki. In zafin ya haura 32 abin mamaki na faruwa: ɗan tayin da gadonsa na namiji ne sai ya fito mace, kuma yawan masu juyawar na ƙaruwa yadda zafin ke hawa. Masana a Jami'ar Canberra ne suka nuna haka a 2007, a 2015 kuma suka bayyana cewa sun samu irin waɗannan matan a daji, suna haihuwa, har ƙwansu ya fi na sauran mata yawa. Amma kafin ka haɗa su ka yi lissafi, mace ɗaya tana iya zuba ƙwai ashirin a zubi guda, ta kuma maimaita a kaka ɗaya, kuma ƙananan in aka cunkushe su suna cizon yatsu da wutsiyar juna.

Mai Gyaran Wuta:
In ka kai ga nan, akwatin ƙyanƙyasa kada a jona masa tamostat mai kashewa da kunnawa irin marar inganci, tana barin zafi ya yi lilo da digiri biyu ko uku, ga shi tsakanin 30 da 32 babu nisa. Ka nemi mai sakin wuta kaɗan-kaɗan, ka jera gorunan ruwa a rufe a ƙasan akwatin su riƙe ɗumi in an buɗe murfi ko an ɗauke wuta. Kan wayar ma'auni ya shiga cikin robar da ƙwan suke, daidai tsayinsu. Ka kunna akwatin ya yi kwanaki yana aiki babu komai a ciki, kana duba lambar safe da dare, tun kafin macen ta fara tonon ƙasa.